Mu Ma Da Gudu Muka Zo: Tarihin Hijira a Ƙasar Maraɗi da Haƙƙin Baƙo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yalwata ta ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen garinsa suka fitar da shi, mutanen wani gari suka karɓe shi, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru.



Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani dattijo daga cikin masu bin salla a bayana ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, baƙin nan sun yi yawa. Tiyar hatsi ta hau, ɗakin haya ya yi wuya, kuma ba mu san ko su wane ne a cikinsu ba." Yana nufin ƴan uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda tun shekarar 2019 suke tsallako iyaka, dubbai bisa dubbai, suna sauka a ƙasar Gidan Rumji da kewayenta, wasunsu har cikin birni. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa game da tsada gaskiya ne. Na yi masa alkawarin amsa a rubuce, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan magana a zuci ba. Amsar tawa tarihi ce, tarihin addininmu da na wannan ƙasa da muke takawa.

Me ke tayar da mutum daga gidansa?

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan hijira, ya kawo a littafinsa Ahkamul Ƙur'ani cewa malamai sun kasa tafiya a bayan ƙasa gida biyu: tafiyar gudu da tafiyar nema. A cikin gudu akwai gudun mai tsira da addininsa, da na wanda haram ta mamaye ƙasarsa, da na mai tsoron a cuce shi a jikinsa, da na mai tsoron ciwon da ke wuri, da na mai tsoron a ƙwace dukiyarsa. A cikin nema akwai hajji, da neman ilimi, da fatauci, da neman abinci ga wanda zama ya gagare shi, da ziyarar ƴan uwa don Allah. Duk wanda ka gani da ƙunshin kaya a ka, ɗayan biyun nan ne ya fito da shi, ko kuwa duka biyun. Hausawa sun taƙaita rabin farko da cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Babu mai barin gonarsa da rumbunsa da kushewar iyayensa don sha'awar kwana a rumfar wani.

Hijira biyu na farko

A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ya umurci wasu sahabbansa su ƙetare teku zuwa Habasha, saboda akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Cikin ayarin farko akwai Sayyidina Usmanu ɗan Affan da matarsa Ruƙayya, ɗiyar Manzon Allah. Ku lura da wannan: mafakar farko da Musulmi suka samu a duniya tana nahiyarmu ta Afirka, kuma mai masaukin a lokacin Kirista ne. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido su. Najashi ya ƙi yanke hukunci sai ya ji ta bakin baƙinsa. Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya mayar da kyautar ya riƙe baƙinsa. Ja'afaru bai dawo ba sai a shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Haibara. Shekara goma sha wani abu ke nan yana cin abincin ƙasar da ba tasa ba.

Sai hijira babba a shekarar 622 ta Miladiyya, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Makka zuwa Yasriba. Mutanen Makka suka iso hannu wofi, gidajensu da dukiyarsu sun koma hannun waɗanda suka kore su. Madina kuwa ba garin wadata mai yawa ba ne, gari ne na manoman dabino. Annabi ya ƙulla ƴan uwantaka tsakanin baƙi da masu gari, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahmani ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahmani ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. A cikin labarin nan guda akwai ladabin mai gida, akwai ladabin baƙo. Allah Ya yabi Ansaru a aya ta 9 ta Suratul Hashri da cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, suna fifita shi a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. Ayar ba ta ce sun yi haka don rumbunsu ya cika ba. Daga baya, da Sayyidina Umaru ya tara sahabbai don su tsayar da mafarin ƙidayar shekaru, hijira suka zaɓa. Duk lokacin da muka rubuta kwanan watan Musulunci, tafiyar ƴan gudun hijira muke ƙirgawa.

Mu dawo gida

Gobirawa ba a inda suke yau suka fara ba. Tarihinsu ya nuna daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle a ƙasar Dakoro ta yanzu, suka ci gaba da matsawa kudu har Sarki Babari ya kafa Alkalawa a ƙasar Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, Toronkawa, daga Futa Toro ta ƙasar Senegal suka taso ƙarƙashin Musa Jakollo, suka sauka ƙasar Ƙonni ƙarnoni kafin haihuwarsa. An haifi Shehu a Maratta a shekarar 1754, kusa da Galmi a jihar Tawa ta yau, ya tashi a Degel, ya yi tafiyar neman ilimi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sarkin da malamin da suka yi karo daga baya, dukansu jikokin matafiya ne.

Da jama'ar Shehu ta yi yawa, Sarkin Gobir Nafata ya sa dokoki: kada wani ya yi wa'azi in ba Shehu ba, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa aka kai wa jama'ar Abdussalami hari a Gimbana aka kama mutane. Abu ya kai ga Shehu ya bar Degel a watan Fabrairu na 1804, wato Zulƙida ta 1218, ya nufi Gudu a bakin iyakar Gobir. Mutane suka yi ta binsa da iyalansu da bisashensu. A nan aka yi masa mubaya'a. Bayan shekara biyu ya rubuta littafinsa a kan wajabcin hijira, Bayanu Wujubil Hijra. Shi kansa bai sake zama wuri guda na tsawon lokaci ba: daga Gudu zuwa ƙasar Zamfara, zuwa Gwandu, zuwa Sifawa, sai Sakkwato inda ya rasu a 1817. Allah Ya jiƙansa.

To, yaƙin da ya biyo bayan wannan hijira shi ya haifi wata hijirar, wadda ta shafe mu kai tsaye. Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen jihadi wajen 1807, Alkalawa ta faɗi a 1808. Gidan sarautar Katsina ya fita da waɗanda suka bi shi, aka sake cin su a Ɗankama. Ɗan Kasawa, wanda sarauta ta faɗa a kansa cikin wannan hali, ya nufi Damagaram. Sarkin Damagaram ya sauke shi. Ya yi shekaru yana zaman baƙunta, a can da kuma Gafai, sarki ba gari. Sai wajen 1819 mutanen kwarin Gulbin Maraɗi, waɗanda ya tarar a wurin da gonakinsu da al'adunsu, suka buɗe masa ƙofa. Maraɗi a lokacin ƙaramin wuri ne cikin kurmi. Daga wannan saukar birnin ya girma, shi ya sa har gobe ake ce wa mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Sunan kansa shaida ne cewa daga wani wuri aka zo.

Haka Gobirawa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda, ragowar Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga Maraɗi, da goyon bayan Ɗan Mari. Waɗanda aka sauka jiya su suka sauki wasu yau. Irin wannan ya faru ga gidan Daura da ya koma Zango da Baure, da gidan Zazzau da ya gangara kudu ya kafa Abuja ta farko a 1828, wadda ake kira Suleja yanzu.

Ban kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba. Matsayin Shehu a ilimi da gyaran addini sananne ne, littattafansa da na Abdullahi da na Bello muna karantar da su a zaurukanmu. Tun a wancan zamani ma malamai sun yi muhawara a kan yaƙin, kamar wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Aminu Alkanemi na Barno. Waccan al'umma ce da ta shuɗe, hisabinta yana wurin Allah. Abin da nake so mu gani shi ne, a kowane ɓangare akwai tsohuwa da aka ɗora a jaki, akwai mai ciki da ta haihu a hanya, akwai manomi da bai san abin da ya haɗa sarki da malami ba, ya bar hatsinsa a tsaye. Da yawa daga cikinmu jininsu ne.

Duniya rawar ƴan mata

Shekara ɗari ba ta cika ba sai abin ya juyo kan Sakkwato. Turawan Ingila suka ci birnin a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, talakawa suka bar garuruwansu suka bi shi, har Turawa suka tsorata da yawan masu tafiya. Aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Jikokinsu suna can. Na gaba ya koma baya.

A namu ɓangaren, ayarin Faransawa na Vulet da Shanuwan ya ratsa ƙasar nan a 1899, ya ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa, mutane suka watse cikin daji. Bayan haka Faransa da Ingila suka zauna a 1904 da 1906 suka ja layin da ya raba Maraɗi da Katsina, ya raba Ƙonni da Sakkwato, ya raba Damagaram da Kano. Ba a tambayi kowa a cikinmu ba. Da haraji da aikin tilas suka yi tsanani a hannun Faransawa, aikin da ba a soke shi ba sai 1946, ƙauyuka da dama sun tashi cikin dare sun tsallaka kudu. Wa ya sauke su? Kakannin waɗannan da ke zaune a ƙofofinmu yau.

Sai yunwa. Ta 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, da ta 1973 zuwa 1974, da ta 1984. Ta ƙarshen nan na gan ta da idona ina yaro. Na ga makiyaya daga arewa da suka rasa garke duka suna zaune a bakin gari, na ga mazajen unguwarmu sun yi kudu neman abin da za a sa a tukunya. Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato sun ciyar da namu a waɗannan shekaru. Ko garin Maraɗi kansa ya taɓa yin ƙaura: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a kwari, aka hau tudu inda muke yanzu.

Mun kuma ɗanɗani ɗacin kora. A 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takardu wa'adin kwana 14 su fita, mutanenmu da suka yi shekaru a Kumasi da Ankara suka dawo a bayan manyan motoci, wasu sun bar shaguna da gidaje. A 1983 Najeriya ta yi irin haka. Wanda ya ji yadda ake ce masa "ba ɗan ƙasa ba" bayan ya tsufa a wuri, bai kamata kalmar ta yi sauƙi a bakinsa ba.

Har yau muna tafiya. Samarinmu suna cin rani a kudu, suna bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga ƙasar Kance a jihar Damagaram. Ba yaƙi ya kore su ba, rashi ne. Kowace daga cikin matan nan tana da maƙwabta, kowace tana da masallaci a unguwarta. Wannan tambaya ce a kanmu, mu limamai kafin kowa.

Abin da ya hau kanmu

Yanzu in koma ga maganar dattijon nan, Allah Ya ƙara masa lafiya.

Game da tsoro, addini bai ce mu rufe ido ba. Idan ka ga abin zargi a wurin wani mutum takamaimai, kai maganar ga mai unguwa ko mai gari ko jami'an tsaro, da abin da ka gani, ba da abin da ka ji a majalisa ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙauye guda, ko a kan ƙabila guda, zalunci ne. Matar da aka kashe mijinta a gabanta ta gudo, in ka kira ta da sunan waɗanda suka kashe shi, ka yanka ta sau biyu.

Game da tsada, gaskiya ne baki ya ƙaru a kan akushi. Amma mu duba ko wane ne ke ɓoye hatsi a sito yana jiran ya ƙara hawa, ko wane ne ya ninka kuɗin ɗaki don ya ga mai nema ba shi da zaɓi, ko wane ne ke ɗaukar baƙo aikin gona yini guda ya ba shi rabin ladan ɗan gari. Waɗannan ba baƙi ne ke yin su ba.

Zakka haƙƙinsu ce kamar yadda take haƙƙin talakan gari. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas, ciki har da faƙiri da miskini da ɗan hanya, kuma ba ta ambaci takardar ɗan ƙasa ba. A mazhabarmu ana raba zakka a wurin da ta wajaba, ga mabuƙatan da ke wurin. Wanda gonarsa ta damina ta kai nisabi, dami ɗaya cikin goma ba nasa ba ne. Ya fitar da shi tun a bakin gona, ya tuna da rumfunan da ke bayan gari.

ɴa roƙi masu makarantun allo da na Islamiyya su karɓi ƴaƴansu ko babu kuɗin Laraba. Yaron da ya ga an ƙone garinsu, in ya tashi babu karatu babu sana'a, mun san wanda ke jiransa a daji. Kada kuma wani ya mayar da halin da suke ciki hanyar auren ƴarsu da sadakin wulaƙanci, ko ya ɗauke ta aikin gida ba lada. Idan sun yi rashi mu yi musu wanka da salla mu ba su wuri a maƙabartarmu, idan sun haihu mu je suna.

Ku kuma ƴan uwanmu da kuka sauka gare mu, na san wasunku suna karanta wannan. Allah Ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka rasa. Ku riƙi hanyar Abdurrahmani ɗan Aufu: mai ƙarfi ya nemi hanyar kasuwa ko ta gona, ya bar bara ga wanda ba shi da iko. Ku sanar da hukuma zamanku, ku kiyaye dokar wurin da kuka sauka, kuma kada ku rufa wa mugu asiri don garinku ɗaya.

Ga mai shirin tafiya daga cikinmu, hadisin da Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, na niyya, da misalin hijira aka bayyana shi: kowa yana samun abin da ya yi tafiyar dominsa. Neman halal don ciyar da iyali tafiya ce mai lada. Amma ka bar wa iyalinka abin da za su ci, ka nemi yardar iyayenka, kada ka jefa kanka a hanyar da halaka ta fi rinjaye a cikinta, kada ka tura mace da ƙananan yara hamada kai kana zaune a inuwa.

Kakanninmu sun ce baƙonka Annabinka. Ɗan Kasawa ya samu wanda ya sauke shi a Damagaram, ya samu wanda ya buɗe masa kwarin Maraɗi, shi ya sa muke da garin da muke kira namu. Bashi ne a wuyanmu, kuma masu karɓarsa sun iso.

Ya Allah Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ka mayar da kowane korarre gidansa cikin aminci, Ka jiƙan waɗanda suka mutu a hanya, Ka shiryi masu ɗauke da makami ko Ka isar mana a kansu. Ka ba mu damina mai albarka da zuciya irin ta Ansaru. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni ne, ina neman gafararSa.